GPS ɗina ta hannu tana cinye batir kamin azahar, mi ka kawo haka?

DanFadama_Wurno:
Assalamu alaikum jama'ar gidan ga. Don Allah masana ku taimaka min. Ina cikin masu aikin awon gonakin noman rani, shinkafa da albasa, nan wajajen Wurno da Kware, kuma aikin duk da GPS ta hannu muka yin shi, a zagaya gona da ƙafa ta hidda hekta sannan a ɗauki kodinet, wato lambobin da ka nuna inda gonar take a taswira. To tawa kwanan nan batir bai kai min azahar. In na sa sabbi biyu da safe wajen ƙarfe takwas, kamin sha ɗaya ta hwara nuna saura layi ɗaya, jim kaɗan sai ta ɗauke. Jiya ina tsakiyar zagaya gonar wani dattijo ta mutu, dole munka sake tun daga farko cikin rana. Abokin aikina irin tawa gare shi amma sai shi wuni biyu bai canza ba. Ga hotonta nan na sa. Lalacewa ta yi ko akwai abin da ya kamata in gyara? Kuɗin batir daga aljihuna suka hita.

Abu_Hanan:
Wa alaikumus salam. Kafin komai wane irin batir kake sa mata? Nan ne yawanci matsalar take.

DanFadama_Wurno:
Irin wanga na shago da aka sa ma rediyo da tocila, ƙanana AA. Kwali guda nika saye don ya hi sauƙi.

MaiSafiyo_Arkilla:
To ƙanena ka riga ka ba da amsar rabin tambayarka. Ciro ɗaya ka duba jikinsa da kyau, akwai ɗan rubutu ƙarami. In ka ga R6 ko R6P to wannan batirin zink da kabon ne, na tocila da agogon bango da rimot, abubuwan da ke jan wuta kaɗan kaɗan. In ka ga LR6 shi ne alkalin. FR6 litiyom ne, HR6 kuma mai caji. Girmansu ɗaya, duk sai su shiga ramin, an rubuta 1.5V a jikin na tocila kamar yadda aka rubuta a alkalin, shi ya sa mutane ke ɗauka abu ɗaya ne. Amma GPS tun da ka kunna ta jan wuta take ba hutawa, tana sauraren taurarin ɗan'adam tana lissafi tana zana taswira, shi kuwa R6 da an matsa masa sai ƙarfinsa ya zube ƙasa, na'urar ta ga wuta ta yi kaɗan ta kashe kanta alhali batirin bai ma ƙare ba. Gwada ka gani, wanda ta ƙi ɗin ka sa shi a rediyo zai yi ta magana. Yawancin na'urorin da ake yawo da su a nan Garmin ne, eTrex 10 da 20 da 30 kamfanin ya ce suna kai awa 25 da batir biyu, GPSMAP 64 kuma awa 16, to ba da batirin tocila aka yi wannan lissafin ba.

Maman_Ikram:
Gaskiya ne wallahi. Lokacin da muka yi aikin ɗaukar kodinet na rijiyoyin burtsatse a Bodinga da Dange haka muka sha fama, duk wadda ta sayi na tebur kafin la'asar ta canza sau biyu. Yara a gida su suka ci riba, ragowar duk a tocilarsu ya ƙare.

Dan_Mabera01:
Ni dai ina ganin zahi na. Rana ta Sakkwato ba wasa ba, wata Afrilu sama da digiri 40 aka yi, ko waya ka aje kan kujerar mashin sai ta rubuta ta yi zahi. Yaushe batir zai jure wanga

BakanikenWaya:
@Dan_Mabera01 zafi na da nasa laifin amma ba ta nan ba. Batir yana cikin aiki zafi bai cika rage masa awa haka da yawa ba, sanyi mai tsanani ne ke kashe alkalin nan take, mu kuwa sanyin hunturunmu bai kai can ba. Inda zafi ke ɓarna shi ne wajen ajiya. Batirin da ya yi watanni kan tebur a bakin titi rana na dukan sa, ko wanda ka bari a aljihun mota, ya riga ya zubar da wani kaso kafin ka ɓare ledar, wani ma har ya fara tsiyayar ruwa. Kuma ka lura abokin aikinsa rana ɗaya ke dukan su amma tasa na kwana biyu.

Dan_Mabera01:
Eh to, nan kam ka yi gaskiya, ban lura da zancen abokin ba.

Injiniya_Sani_Skk:
Ku ƙara da saiti. Na ga hoton, irin wannan tana da wurin da ake gaya mata nau'in batirin da aka sa, ka shiga saiti, ka shiga sistam, za ka ga alkalin, litiyom, NiMH (wato mai caji). Mai caji 1.2V yake bayarwa, alkalin 1.5V, to in ka sa mai caji ita kuma tana zaton alkalin ne sai ta riƙa nuna ya kusa ƙarewa alhali cike yake. Na biyu hasken allo, shi ne babban ɓarawon wuta. Mutane da yawa suna ƙure shi kuma su bar shi a kunne dindindin. Da rana tsaka ba ka buƙatarsa ko kaɗan, allon irin waɗannan an yi shi ne ya yi amfani da hasken rana, iya ƙarfin rana iya yadda yake fitowa, ka ɗan karkata shi kawai. Ka rage hasken zuwa ƙasa, ka sa ya ɗauke bayan daƙiƙa 15. In tana da zaɓin tanadin batir wanda ke kashe allon gaba ɗaya ta ci gaba da aiki a ciki, kunna shi.

Abu_Hanan:
Injiniya zancen nau'in batir ɗin nan, ni a sanina layukan da ke nuna saura kawai yake gyarawa, ba ya ƙara awa ko ɗaya.

Injiniya_Sani_Skk:
Ban ce yana ƙara wuta ba Malam Abu. Amma mutum na ganin layi ɗaya zai ciro batir mai rai ya jefar ya sa sabo, ka ga asarar dai ta tabbata. Shi ya sa na fara da shi.

Sarkin_Rijiya:
Ni tambayata daban. Mi ya sa har yanzu kuka wahala da abin ga? Waya ta Android na yin komi, akwai manhajoji na awon gona kyauta, ka zagaya ta ba ka hekta. Ga fawa banki. Ni da ita nika ɗaukar wurin da za mu haƙa.

Maman_Ikram:
@Sarkin_Rijiya wani aikin masu shi ne ke cewa da na'urarsu za a yi, har lambar na'urar ake rubutawa a fom. Kuma waya in ta yi awa biyu a rana da GPS a kunne zafi take ɗauka allon ya dushe ba ka ganin komai. Ga laka a fadama, wayarka ta faɗa ruwan shinkafa shi ke nan, ita kuwa waccan ka ɗauraye ka ci gaba.

MaiSafiyo_Arkilla:
Tunda an taɓo nan bari in faɗi abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Waya da GPS ta hannu duka kuskurensu na kai mita uku zuwa biyar ko a fili sarari. Don ƙiyasin gona mai hekta biyu ko wurin rijiya ba laifi. Amma yanzu sai ka ga yaro ya ɗauki ta hannu ya je ya kafa wa mutane iyakar fuloti ƙafa 50 da 100 a bayan gari, wajen Gidan Igwai ko hanyar Wamakko, ya karɓi kuɗi. Faɗin fulotin nan gaba ɗaya mita 15 ne da ɗoriya, in ka kauce da mita huɗu ai ka shiga ɗakin maƙwabci. Rigimar da ke biyo baya shekaru take yi, 'yan'uwa su daina gaisawa. Sannan tsarin lissafin kodinet iri iri ne, wani ya ɗauka a tsarin WGS 84 wani a tsarin Minna, a haɗa takardu a ga wuri ɗaya ya rabu biyu. Don Allah aikin iyaka a bar wa masu kayan aikinsa.

Umar_GIS:
Baba MaiSafiyo Allah shi ƙara girma, wannan magana taka ta cancanci a buɗe mata nata zaure. Har zon, wato yankunan da aka raba taswira aka ba su lamba, ma rikita mutane yake, birnin Sakkwato na cikin 31 amma in ka nausa gabas wajen Isa da Sabon Birni ka tsallaka 32. Amma mu koma kan batirin bawan Allah kar ya tafi gona gobe hannu wofi. Abin da zan ƙara, wurin zaɓen taurari in an sa taurarin GPS na Amurka da na GLONASS na Rasha tare tana kama da sauri kuma tana riƙewa a ƙarƙashin itatuwa ko tsakanin gine-gine, amma tana ƙara jan wuta. A fadamar Wurno sama a buɗe take ko'ina, GPS kaɗai ta isa. WAAS da EGNOS, tsarin da ke turo gyaran kuskuren wuri, su ma kashe, na farko don Amurka aka yi na biyu don Turai, gyaran da suke turowa ba na yankinmu ba ne. In samfurinka mai kamfas ne na lantarki ko mai Bluetooth, su ma suna lasar nasu. Sai kuma ɗabi'ar barin ta a kunne cikin jaka ko cikin ɗaki, tana ta laluben taurari ba ta samu, wuta na tafiya a banza. In za ka kwashe bayanai a ofis ka sa ta a yanayin da GPS ke kashe.

DanFadama_Wurno:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah shi saka da alheri. Na duba, R6P anka rubuta kamar yadda Baba MaiSafiyo yac ce. Hasken kuma a ƙure shike, ban san wa yas sa shi haka ba don hannu da yawa ta bi kamin ta zo gare ni. Na rage, na kashe GLONASS. Na tambayi abokina ashe shi masu caji shika sawa. Yanzu wane za ni saye, alkalin ko mai caji?

Hajiya_Agro:
Mai caji ɗana, kar ka yi wani dogon tunani. Aikin wata da watanni in ka ce alkalin za ka riƙa saye alawus ɗinka duk can zai tafi. Ka nemi guda huɗu, biyu a ciki biyu a aljihu.

BakanikenWaya:
Mai caji amma a yi hattara, kasuwa cike take da na ƙarya. Duk AA mai caji da ka ga an rubuta 3800 ko 4800mAh, wato yawan cajin da yake ɗauka, ka ajiye shi, ba a yin wannan a girman AA, na gaskiya daga 1900 ne zuwa wajen 2500 ko sama kaɗan. Irin su Eneloop farare 1900 zuwa 2000 ne kawai amma suna riƙe caji ko sun yi watanni a ajiye, shi ne amfaninsu. Ɗauki a hannu ka ji, na kirki yana da nauyi, jabu kamar ba komai a ciki. Alkalin ma haka, na gaske wajen giram 23 yake, ya fi na tocila nauyi sosai, kuma shi ma ana buga jabunsa da sunan manyan kamfanoni, ka duba kwanan watan ƙarewa da tsabtar rubutun. Caja kuma ita ce ake rainawa alhali ita ke kashe batir. Mai arha ɗin nan da ke cajin biyu biyu a haɗe ba ta san wanda ya cika ba, ɗaya ya ƙone ɗaya bai ƙoshi ba, ka sa su a na'ura raunanan ya ja mai ƙarfin ƙasa. Nemi wadda kowane rami ke da fitilarsa kuma take tsayawa da kanta.

Dan_Mabera01:
To ina wutar cajin? Mu unguwarmu sai a kwana biyu ba a kawo ba, balle ƙauye

Umar_GIS:
Akwai cajar AA mai USB, da fawa banki ko ƙaramin sola tana aiki, ko ka kai wa masu cajin waya na kasuwa. Kuma ita kanta na'urar tana iya aiki da fawa banki ta kebul, sai dai wasu da ka jona sai su shiga yanayin tura fayil su ƙi nuna taswira. A wasu na Garmin in ka shiga saiti ka canza hanyar haɗin zuwa Spanner za ta tambaye ka, ka ce a'a ta ci gaba da aiki. Amma a sani eTrex 10, 20, 30 ba sa cajin batirin da ke cikinsu ta kebul, wuta kawai suke sha. GPSMAP 64 ce ke caji, ita ma sai da fakitin batirinta na musamman.

Injiniya_Sani_Skk:
Gargaɗi ɗaya tunda za ka shiga kasuwa. Akwai wani batir mai caji girmansa daidai da AA, ana ce masa 14500, ana samun sa cikin wasu ƙananan tociloli. 3.7V ne. Biyu sun haura 7V, na'urarka kuma 3V take so. Kar ka yarda wani ya ce maka ai wannan ya fi ƙarfi, ƙona ta zai yi. Litiyom da ya halatta shi ne mai FR6, 1.5V, ba a cajin sa, yana daɗewa fiye da kowa amma da tsada.

Ummu_Sadiq:
Sannunku da ƙoƙari. Ni tawa matsalar ta ɗan bambanta, ku gafarce ni na shigo cikin zancen wani. Alkalin mai kyau nake sa wa, da rana lafiya lau, amma in na kashe ta na ajiye kwana uku huɗu sai in tarar batir ya mutu. A kashe fa.

BakanikenWaya:
Hajiya wannan kam ba saiti ba ne. Ko dai maɓallin na dannuwa cikin jaka ta kunna kanta, ko kuma akwai inda wuta ke zurarewa a kayan lantarkin cikinta, galibi ruwa ne ya taɓa shiga ko batir ya taɓa fashewa a ciki. Buɗe murfin ki duba ƙarafunan da batir ke taɓawa, in kin ga farin gari ko kore kore to shi ne. Ana goge shi da ɗan auduga a jiƙa da ruwan lemun tsami kaɗan, a bi da busasshe, a bari ya bushe sarai. In bai daina ba ki kai wa mai gyaran waya da ke da mitar auna wuta, nan Bello Way akwai su da yawa, ya auna abin da take ja tana kashe. Ya kamata ya zama kusan babu. Tana kunne kuma lissafin mai sauƙi ne, batir 2000mAh in zai kai awa 25 to wajen 80mA ke nan take ja, in aka ga ninki biyu ko uku na haka ba tare da haske ba akwai ciwo. Kafin nan dai ki riƙa cire batir in kin gama aiki.

Ummu_Sadiq:
Na duba yanzu, ƙarfe ɗaya ya yi kore. Zan goge in gani. Na gode.

Abu_Hanan:
A ƙara da cewa mita tana ruɗi in batir kawai aka auna a hannu. Batirin da ya gaji ma sai ya nuna kamar yana da ƙarfi in ba abin da ke jan sa. Sai yana cikin aiki ake gane gaskiyarsa.

DanFadama_Wurno:
Jama'a ga rahoto. Ban samu masu cajin da hankalina ya kwanta da su ba tukuna, sai na sayi LR6 a wani kantin magani. Yau tun safe har munka tashi layi bai ragu ba sai ɗaya, alhamdu lillahi. Amma wani abu ya hito, sau da dama in muna bisa mashin daga gona zuwa gona sai in duba in ishe ta mutu, in na kunna kuma batir cike. Da can ina zaton duk cin batir na.

Sarkin_Rijiya:
Sifirin na. Hanyoyin fadama duk gargada, girgiza ka sa batir shi rabu da ƙarhen na ɗan lokaci sai ta ɗauke. Kabu-kabu ma da ka ɗaura waya a kan mashin sun san irin ta. Ka ɗan ɗago ƙarhen da tsinke a hankali, sannan ka naɗe 'yar takarda ka sa tsakanin batir da murhi don shi matse.

BakanikenWaya:
Takardar ta yi, amma ɗago ƙarfen a bi a sannu, in ya taɓa yin tsatsa karyewa yake kuma samun irinsa aiki ne. Kar kuma takardar ta yi kaurin da murfin zai ƙi zama daidai, robar da ke bakinsa ita ke hana ruwa da ƙura shiga. Wasu batiran ma suna ɗan fin wasu kauri, masu caji galibi sun fi cika ramin, wataƙila shi ya sa ta abokinka ba ta yi.

Hajiya_Agro:
Ka riƙa sa ta a aljihun gaban riga in kuna tafiya maimakon rataye ta a mashin. Kuma don Allah duk gonar da ka gama ka adana ta nan take ka rubuta hektar a littafi. Wasu ƙauyukan yanzu ba kullum ake samun shiga ba saboda halin tsaro, in aiki ya ɓace komawa ba ƙaramin abu ba ne, manomi kuma shi ke rasa taki in sunansa bai fito ba.

Dan_Mabera01:
Ni har yanzu ban cire zahi daga lissahi ba. Ku bari watan huɗu ya kama mu gani ko awa 25 ɗin nan za ta samu

MaiSafiyo_Arkilla:
Ba wanda ya yi maka alkawarin 25 a gona, wannan adadin kamfani ne a yanayi mai daɗi. Wanda ke latse-latse yana duba taswira kowane minti zai samu ƙasa da haka, in ya samu wuni biyu na aiki ya gode Allah. @DanFadama_Wurno in kana so ka san gaskiyar na'urarka ga gwaji mara wahala. Sa sabbin batir, share tsohon sawu, wato tarihin inda ta bi da take adanawa, kunna ɗaukar sawu, ka ɗora ta kan katanga ko rufin ɗaki inda take ganin sama kuma ba rana kai tsaye, ka bar ta har ta mutu da kanta. In ka sa wasu batiran ka buɗe sawun za ka ga lokacin da ya fara da lokacin da ya tsaya. In ta haura awa goma sha biyar lafiyarta ƙalau, sauran duk batir ne da saiti da sifirin. In ta tsaya a biyar ko shida da LR6 na gaske to ka mayar wa masu ita su canza maka.

Umar_GIS:
Kafin ya mayar ya gwada sabunta manhajarta a kwamfuta, in ta Garmin ce da Garmin Express ake yi, kuma in akwai memori a ciki ya cire ya gwada ba shi, wani lokacin taswira mai nauyi ko fayil da ya lalace na sa ta yi ta fama. Amma ya kwashe kodinet ɗinsa tukuna.

DanFadama_Wurno:
To madalla. Ranar Juma'a ba mu hita, sai in yi gwajin katangar tun daren Alhamis. Takardar na sa, gobe za mu Kware in ga ko za ta sake ɗaukewa bisa hanya. Wanda ya san inda aka samun masu caji na gaske da caja mai rami huɗu cikin gari don Allah shi yi min magana ta akwati.

Ummu_Sadiq:
Ni ma ina so, a haɗa da ni. Na goge ƙarfen ya yi fes amma koren ya bi ta ƙarƙashin robar inda auduga ba ta kaiwa. @BakanikenWaya a kwance ta ne ko in bari in ga kwana ukun tukuna?